Murar tsuntsaye da makomar kajin gida a arewacin Najeriya

A watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, inda dubban kaji suka mutu cikin 'yan makonni. Wannan ne karon farko da aka ga cutar a nahiyar Afirka.

Kafin watan ya ƙare, cutar ta bayyana a Kano da wasu jihohi, ta kuma tsallaka iyaka zuwa Magariya a Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta hallaka wata mata 'yar shekara 22 a Legas.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki matakin kashe kajin da suka kamu da waɗanda ke kusa da su, ta kuma yi alkawarin biyan diyyar naira 250 a kan kowace kaza. Masu kiwo da dama sun ce kuɗin bai kai farashin kasuwa ba, abin da ya sa wasu suka ɓoye kajinsu, wasu kuma suka yi gaggawar kai su kasuwa kafin jami'ai su iso. Daga bisani Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 domin yaƙi da cutar, aka kuma ƙara yawan diyyar.

Cutar ta lafa bayan 2008, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021. A duk lokacin da ta ɓulla, hankalin hukumomi da na kafofin watsa labarai yakan karkata ne ga manyan gonaki, inda ake iya ƙirga gawarwaki a ɗauki hoto.

Sai dai kuma ba a can mafi yawan kajin ƙasar suke ba. Wani ƙiyasi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2018 ya nuna cewa daga cikin kaji kimanin miliyan 180 da ke Najeriya, miliyan 40 ne kawai ke manyan gonaki. Kimanin miliyan 80 na yawo ne a tsakar gida da bayan gari suna tonon abinci, sauran kuma na hannun matsakaitan masu kiwo.

A arewacin ƙasar, galibin waɗannan kaji na mata ne da yara. Su ne asusun da uwargida ke fasawa idan yaro ya kwanta rashin lafiya, ko aka yi baƙo, ko biki ya taso. Saboda haka asarar kaji goma a ƙauye, wadda ba ta shiga kowane rahoto, takan fi yi wa mai su ciwo fiye da yadda alƙaluma za su nuna.

Cutar da ba ta shiga labarai

Likitocin dabbobi sun daɗe suna nuna cewa babbar abokiyar gabar kajin gida ita ce cutar Newcastle, wadda aka fara bayyanawa a 1926, aka kuma raɗa mata sunan birnin Ingila da aka gan ta. A ƙasar Hausa takan fi tsananta ne da hunturu, kuma idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan dukkansa cikin kwanaki. Kaza ta yi sanyi, ta riƙa zawo kore, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe.

Abin da ya haɗa wannan cuta da murar tsuntsaye shi ne kamannin alamominsu. Da ido kawai, ko ƙwararre ba ya iya rantsewa a kan wacce ce a cikinsu, sai an kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje. To mutanen da suka saba ganin kajinsu na mutuwa duk shekara, ba su da dalilin sanar da hukuma idan mutuwar ta sake zuwa, ko da kuwa a wannan karon mura ce. Wato sakacin da ake yi da cutar Newcastle shi ke ba murar tsuntsaye wurin ɓuya.

Maganin rigakafin kuwa akwai shi, kuma ba shi da tsada. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa shi, har da nau'in da ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar domin ƙauyukan da ba su da firji, saboda yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sanyawa a idon kaza, a maimaita bayan wata uku ko huɗu.

Matsalar tana wajen kai shi ga masu buƙata. Kwalba ɗaya ta ishi kaji masu yawa, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta daɗewa, alhali mai kiwon tsakar gida ba ta da fiye da goma ko ashirin. A ƙasashe irin su Mozambik da Tanzaniya an shawo kan wannan ta hanyar horar da mutanen gari, maza da mata, waɗanda ke bi gida-gida a ranakun da aka tsayar, ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A arewacin Najeriya, inda ba kowane namiji ke shiga gidan aure ba, da wuya irin wannan tsari ya yi nasara in ba mata ne ke ɗauke da kwalbar ba.

Inda babu rigakafin, masu kiwo kan koma ga barkono da ɓawon maɗaci, ko su fasa kafso na mutane su zuba a ruwan shan kaji. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa ƙwayar da ke haddasa Newcastle, sai dai su ƙara matsalar bijirewar cututtuka ga magani.

Akurki da 'yan tsaki

A lokacin annobar 2006, shawarar da aka fi yayatawa ita ce kowa ya killace kajinsa. Shawarar ba ta karɓu sosai ba, domin ribar kazar gida ita ce tana ciyar da kanta. Ranar da aka kulle ta, ranar ce aka ɗauki nauyin abincinta, a gidan da watakila hatsin mutane ma bai kai shekara ba.

Abin da ya fi dacewa da halin da ake ciki shi ne makwanci na dare. Akurkin gargajiya na laka yana kare kaji daga muzuru da tunku da ɓarayi, amma sau da yawa ƙofarsa ƙarama ce, iska ba ta ratsa shi, tsintsiya ba ta shiga, sai ya zama matattarar ƙuma da ƙwarƙwata. Gyaran ba mai yawa ba ne: a ɗaga shi daga ƙasa ko a daɓe shi, a buɗe tagogi a rufe su da ragar waya, a yi ƙofar da za a iya sharewa, a sa sanda ta hawa, a riƙa barbaɗa toka. Amfanin da ya fi kowanne shi ne raba makwancin kaji da na mutane, domin har yanzu akwai gidajen da kaji ke kwana a ɗakin girki ko ƙarƙashin gado.

Haka nan ana gargaɗi game da haɗa kaji da agwagi, waɗanda ke iya ɗaukar ƙwayar mura ba tare da sun nuna alama ba, da kuma sakin kazar da aka sayo daga kasuwa cikin garke tun ba ta yi mako biyu a ware ba. Wannan ya fi muhimmanci gab da Sallah, lokacin da kaji ke yawo tsakanin kasuwanni.

Sai dai babbar asarar tana faruwa ne a makonnin farko na rayuwa. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu. Takan yi kwanci na kwana 21, kuma ta iya aikinta, domin galibin ƙwan suna ƙyanƙyashewa. Amma bincike a ƙauyukan Afirka ya sha nuna cewa kusan rabin 'yan tsakin ba sa kai wata biyu. Shaho da shirwa na ɗauka, sanyi da ruwan sama na kashewa, wasu yunwa ce ke kayar da su yayin da suke bin uwa cikin bola. Ba banza ba Hausawa ke cewa kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa.

Kife su da babban kwando ko ajiye su a keji na tsawon mako huɗu zuwa shida, tare da ba su tsaki da dusa da gara da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da ruwa mai tsabta a mazubi marar zurfi, yana rage wannan asara ƙwarai. Nan ne ɗan hatsin da ake da shi ya fi amfani, tunda abin da 'yan tsaki goma za su ci a wata guda bai kai na manyan kaji uku ba. Idan aka raba su da uwar da wuri kuma, takan koma yin ƙwai ba da jimawa ba.

Sababbin iri

A shekarun baya-bayan nan an samu sauyi ta fuskar iri. Cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya ta samar da Shika Brown mai yawan ƙwai. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fito da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018, sannan wani kamfani a jihar Oyo ya yaɗa Noiler, wadda ta samu karɓuwa a biranen arewa. Waɗannan kaji sun fi na gida saurin girma da yawan ƙwai, biyun ƙarshe kuma an tsara su ne su iya ɗan kiwo a sake.

Amma suna zuwa da nasu sharuɗɗan. Ana sayensu ne suna 'yan kwana ɗaya, akasari bayan doguwar tafiya daga kudu maso yamma, kuma ba su da uwa. Suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, wanda a inda babu lantarki kaskon gawayi ne ke bayar da shi, da haɗarin hayaƙi da gobara. Ba su cika yin kwanci ba, kuma jikokinsu ba sa riƙe ingancin iyayen. Ma'ana, mai kiwo sai ta riƙa komawa wurin dillali da kuɗi a hannu, saɓanin kazar gida da ke sabunta kanta.

Akwai kuma wata al'ada da ke rage ingancin kajin gidan su kansu ba tare da an lura ba. Zakaran da ya fi girma shi ake yanka wa baƙo ko a kai kasuwa, a bar ƙanana suna barbara, shekara da shekaru, kuma cikin dangi ɗaya. Ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce zakara ɗaya ga kaji kamar goma, a zaɓi mafi kyau a bari, a sauya shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Sauyin ma sai da kiyayewa, domin sabon zakara na iya shigowa da cuta.

Tashin farashin masara da waken suya bayan janye tallafin man fetur a 2023 ya sa gonakin kaji da dama sun rufe, kamar yadda ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta sha kokawa, ƙwai kuma ya yi tsadar da ya gagari gidaje masu yawa. Kazar da ke tonon abincinta ba ta ji wannan bugu kamar ta gona ba.

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, kuma muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga shanu da rikicin manoma da makiyaya. Aikin malaman gona da na likitocin dabbobi a karkara kuwa yana hannun jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma ta hannunsu ne kwalbar rigakafin za ta bi daga Vom zuwa ƙauye kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.