Kada ka sa hannu yaronka ya ajiye Sifaniyanci a shekara ta biyu

Jama'a, daren jiya mun sha ja-in-ja da yarinyar wajena a kan fom ɗin zaɓen darussan baɗi. Tana aji 10 a babbar sakandare nan Houston, ta gama shekara biyu tana ɗaukar Sifaniyanci, yanzu tana so ta ajiye. Ta ce, "Abba, ai na cika sharaɗi." Kuma gaskiyarta. A jihar Texas shekara biyu ta harshen waje guda ɗaya ake nema kafin a kammala sakandare, har ma an yarda ɗalibi ya maye gurbinsa da darasin rubuta manhajar kwamfuta. Ta ƙara da cewa aji na uku yana da wuya, zai ja mata maki ƙasa, kuma wayarta tana yi mata fassara kafin ta ƙifta ido. Mamarta ta ce in ƙyale ta. Ban sa hannu ba. Na san iyaye da yawa a cikinmu wannan fom ɗin yana kan teburinsu yanzu, shi ya sa na kawo zancen nan.

Bari mu yi lissafi. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta taɓa ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci. Wannan fa manya ne, 'yan kaɗan a aji, ba su da wani aiki sai shi. Yaron sakandare kuwa minti 45 zuwa 50 yake samu a rana, kwana kusan 180 a shekara. Ko bai taɓa fashi ba, da ƙyar ya haɗa awa 150. Shekara biyu awa 300 ke nan, rabin mafi ƙarancin abin da ake bukata. Wato daidai tsakiyar kogi doka ta ce yaro zai iya sauka daga kwale-kwale.

Me ya koya a wannan shekara biyun? Gaisuwa, launuka, sunayen abinci, ƙarfe nawa, sai ɗan labarin abin da ya yi a hutu. Na tambaye ta, in maƙwabciyarmu 'yar Honduras ta buga ƙofa ɗanta ba lafiya, za ki iya tambayar ta me ya same shi, tun yaushe, wane magani ta ba shi? Ta yi shiru. Waɗannan abubuwan a aji na uku da na huɗu ake kama su sosai, lokacin da ake koyon yadda za ka ba da shawara, ka nuna shakka, ka roƙi abu, ka yi fata. Yawancin yara a nan suke gudu, saboda wani babin nahawu da ake kira subjuntivo.

Na ce ta kawo littafin in ga dodon nan. Wallahi sai da na yi dariya. Abin da ke ɗaure wa yaran Turawa kai, mu da shi muke kwana muke tashi. Bahaushe yana cewa "sun zo", amma ba ya cewa "ina so sun zo", sai dai "ina so su zo". Haka Basifane: vinieron, sun zo, quiero que vengan, ina so su zo. Da zarar magana ta zama buri ko umarni ko addu'a, aikatau ya sauya riga. A Turanci wannan bambancin ya kusa ɓacewa, shi ya sa malami zai yi sati uku yana zane a allo yara suna kallon sa. Har kalmar da suka fi buɗe irin wannan jimla da ita, ojalá, daga Larabci ta fito, sunan Allah ne a ƙarshenta. Ojalá que vengan, Allah ya sa su zo. Musulmi sun yi kusan shekara 800 a Andalus, daga 711 zuwa 1492, sun bar musu kalmomi birjik. Alcalde, magajin gari, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Azúcar sukari, aceituna zaitun.

Ba a nan ya tsaya ba. Suna raba sunaye namiji da mace, kuma galibin masu ƙarewa da "a" mata ne, kamar yadda muke cewa riga ce, mota ce. Har masu karya dokar suna da su: día namiji ne, kamar gida da ruwa a wajenmu. Suna da tú na tsara da usted na girmamawa, wanda duk yaron da aka hana cewa kakarsa "ke" zai gane nan take. Ina cikin wannan bayanin, ina jin daɗin kaina, sai ta ce, "Abba, ai ni ban san haka Hausa take ba." Nan jikina ya yi sanyi. Tana jin Hausa, amma da Turanci take ba mu amsa, kuma mu muka bari hakan ta faru. Wannan laifin ba na makaranta ba ne.

Na san wani zai ce, ana wata ga wata. A watan Maris na 2025 Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma na Amurka, tun kafin nan ma an sauke shafin Sifaniyanci na fadar White House. To me ya kai ɗan baƙin haure wahalar da kansa? Amsata ita ce takardar shugaban ƙasa ba ta sauya harshen da ake yi a ɗakin jiran asibiti. Sama da mutum miliyan 40 a ƙasar nan Sifaniyanci suke yi a gida. A Houston fiye da kashi 40 cikin ɗari na mazauna 'yan asalin Latin Amurka ne. Yarinyar nan aikin jinya take so ta karanta. Tsohuwar da za a kawo mata da ƙarfe 3 na dare tana riƙe da ƙirji ba za ta jira a nemo tafinta a waya ba. Fassarar waya tana da amfani, ni ma da ita nake magana da mai gyara mana rufin gida. Amma fa ni da shi har yau ba mu taɓa yin hira ba.

Inda na yarda da ita shi ne batun maki. Tsoron ba na banza ba ne, tallafin karatun jami'a yana rataye da shi, kuma iyayen da ke aiki biyu ba su da kuɗin wasa. Haka nan wasu azuzuwan ba su da armashi ko kaɗan: yara talatin, cike gurbi a takarda, mako guda ya wuce yaro bai buɗe baki ya yi jimla biyar ba. Mu da muka yi Faransanci a ƙaramar sakandare a Najeriya mun san wannan. Shekara uku, abin da ya rage mini bonjour da merci, ranar da na je Kwatano da hannu na yi ciniki. Amma da na waiwaya, ba wuyar harshen ce ta kayar da mu ba, ajiye shi muka yi ranar da jarrabawa ta sake mu.

Mun dai rabu a kan haka: za ta ɗauki aji na uku, in ta ga maki na zubewa a zangon farko mu je mu ga malamar tare, ba wai ta sulale a ɓoye ba. Ni kuma ta ɗaure ni da nawa sharaɗin, duk ranar Asabar in zauna mu bi babin makon, tana faɗa da Sifaniyanci ina mayar mata da Hausa. Na sa hannu da safen nan. Har ta fita motar makaranta ba ta sake mini fuska ba.

'Yan'uwa na Dallas da Bronx da Columbus, wanda ɗansa ya kai har jarrabawar AP ta Sifaniyanci, don Allah ya faɗa mini yadda aji na huɗu yake, don na ga alamar baɗi ma sai mun sake wannan zaman.