Kada Mu Kashe Tambayar Yaro

Idan ɗalibi ya ce, "Malam, kifi yana da ƙafa?" sau da yawa dariya muke yi, mu ce ya zauna. Kuskure ne babba. Dubi gaiwa, kifin nan mai huhu da ke cin rani cikin busasshen taɓo: fikafikanta huɗu, biyu gaba, biyu baya, suna daidai gurbin ƙafafun ƙadangare, sai dai ba ta da yatsu. A 2011 masana a Jami'ar Chicago ta Amurka sun nuna tana takawa da na bayan a ƙarƙashin ruwa.

Mu malaman Kankiya da Kusada, ba sai mun jira ɗakin gwaji ba. Mu sayo kifi a kasuwa, yara su duba, su ƙirga fikafikansa da kansu. Yaron da aka yi wa dariya yau, gobe bakinsa zai kama.