"Trafficator": Tsohuwar Kalma Ba Kuskure Ba Ce

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya san cewa da zarar an ƙetare iyaka, sunayen kayan mota sukan sauya. Fitilar nan da ke ƙiftawa a gefen mota idan direba zai sha kwana, mu nan da sunanta na Faransanci muka saba, wato "clignotant". A can kuwa, mai magana da Ingilishi "trafficator" zai ce. Kwanan baya na ga an ja wa wani abokin karatunmu jan biro a ƙarƙashin wannan kalma, aka rubuta masa a gefe cewa babu ita a Ingilishi. A ganina hukuncin bai yi daidai ba, kuma ya kamata mu ɗaliban kimiyyar harshe mu san dalili.

Da farko dai, masu Ingilishin kansu ba su taru a kan suna guda ba. A Ingila "indicator" ake cewa, daga aikatau mai ma'anar nunawa. A Amurka ana rubuta "turn signal", amma a bakin jama'a an fi jin "blinker", daga "blink", wato ƙifta ido. Mutanen Ingila sun duba aikin fitilar ne suka raɗa mata suna, na Amurka kuwa suka duba yadda take yi. Faransawa ma ƙiftawar suka duba, domin "clignoter" ma'anarta ke nan. Haka kuma a Ingila "blinkers" na iya nufin fatar da ake kare wa doki gefen ido da ita, abin da Amurkawa suka fi kira "blinders". Ke nan ko tsakanin Landan da Washington, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

To, daga ina "trafficator" ta fito? Daga Ingila. Haɗin kalmomi biyu ce, "traffic" da "indicator". Kafin fitila mai ƙiftawa ta zama ruwan dare, motoci suna da wani ɗan hannu mai haske a jikinsu. Idan direba zai juya sai hannun ya miƙe waje, bayan an sha kwana ya koma mazauninsa. Wannan hannu shi ne "trafficator", kuma motoci irin su Morris Minor sun ci gaba da fitowa da shi har farkon shekarun 1960. Da irin waɗannan motoci kalmar ta shiga Najeriya a zamanin mulkin Ingila. Da aka daina ƙera hannun, sai ta tsufa a gidansu, ta koma bakin masu sha'awar tsofaffin motoci. A Najeriya kuwa sai aka ɗora ta a kan sabuwar fitila.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Asalin "jirgi" na ruwa ne, amma da na ƙasa da na sama suka zo, ba mu nemi wani suna ba. Ƴan Najeriya ma ba su tsaya nan ba, sun cire aikatau daga sunan, suna cewa "trafficate" idan direba ya kunna fitilar. Ta wannan hanya ce Ingilishi ya samar da "edit" daga "editor", kuma babu mai cewa kuskure ne.

Mai ja da ni zai ce aikin malami shi ne ya shirya ɗalibi ga jarrabawa da kuma rubutun da za a karanta a ko'ina. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina koyar da "indicator" ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce kalmar babu ita. Gyaran da ya dace shi ne a rubuta wa ɗalibi cewa wannan Ingilishin Najeriya ne, ga kuma abin da ake cewa a Ingila da Amurka. Ko ƙamusun Oxford, a watan Janairun 2020, ya shigar da kalmomin Najeriya irin su "okada" da "danfo" da "Kannywood". Sannan mu tambayi kanmu: da wa yawancinmu za mu yi Ingilishi? Wanda ya je Kano ko Sakkwato sayen kayan gyaran mota zai fi saurin samun biyan bukata da "trafficator" a kan "blinker".

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ma'aunin da aka kore "trafficator" da shi, da shi ne ake kore "lakwal" da "farfe" a ce ba Hausa ba ne, don kawai ba a jin su a Kano. Idan muka yarda da shi a kan harshen wasu, ba mu da bakin magana ranar da aka auna namu.

Shawarata ga ƴan uwana ɗalibai ita ce mu ɗauki takarda da biro mu shiga garejin Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni, mu ji sunan da kanikawa da direbobi ke kiran wannan fitila da shi, mu rubuta shi yadda suka furta. Bayan haka sai mu zauna mu yi maganar daidai da kuskure.