RA'AYINMU: Kada Mu Sayar da Tarihinmu a Kan Sikeli

Jama'a da yawa sun ɗauka taram, watau ɗan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke bin titunan gari, abin ƙasashen Turawa ne kawai. To, ba haka ba ne. A shekarar 1902 aka buɗe taram mai aiki da tururi a Ikko, yana tasowa daga Iddo, ya haye gadar Carter, ya shiga tsibiri. Da ya daina ɗaukar fasinja sai ya koma kwashe ƙazantar gari, har aka tsayar da shi a 1933.

Mu ma nan Arewa mun yi namu. A zamanin Gwamna Lugga aka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanya mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wadda ake kira taram na Wushishi. Ita ke kai kaya daga Barijuko, a bakin kogin Kaduna, zuwa Zungeru, hedkwatar Arewa ta lokacin. Bayan babban dogo ya iso, sai aka ciccire ƙarafanta aka kai su aikin hanyar da ta tashi daga Zariya, ta isa Bukuru a 1914 domin ɗauko kuza. Ita ma an rufe ta a 1957. Abin da aka tsirar bai taka kara ya karya ba: kan jirgi ɗaya da aka ajiye a Minna, da wasu a gidan tarihi na Jos.

A Ingila ma an yi watsi da taram, domin birnin Landan ya sallami tsofaffin nasa a 1952. Amma wasu masu kishi suka haɗa kuɗi, suka sami fili a ƙauyen Crich a 1959, suka yi ta tattara tsofaffin taragu suna gyarawa. Yau wurin gidan tarihi ne, yara na shiga taram ɗin da kakanninsu suka shiga. Ba gwamnati ce ta fara ba, mutanen gari ne.

Mun san wasu za su ce, ina ruwanmu da ƙarafan 'yan mulkin mallaka, waɗanda aka kawo don a kwashe mana gyaɗa da auduga da kuza? Gaskiya ne don haka aka kawo su. Amma wa ya haƙa ƙasa, ya fasa dutse, ya ɗauki ƙarfe a ka, sau da yawa a kan tilas? Kakanninmu ne. Wanda ya bari aka auna waɗannan ƙarafa a sikelin 'yan gwangwan, to, shaidar guminsu ya sayar.

Mu ɗalibai da ke nan Dutsin-Ma, da 'yan'uwanmu ma'aikata na Kurfi da kewaye, ba sai mun je nesa ba. Dogon da ya tashi daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda a 1929 ta Funtuwa ya bi, cikin jiharmu. Ga shi kuma a 2021 an aza harsashin sabuwar hanya daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. Idan sabo ya zo, tsoho ne ke shan wulaƙanci.

Saboda haka muna kira ga masu karatun tarihi a cikinmu da su ɗauki rikoda lokacin hutu, su nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe, su ɗauki labarinsu tun suna raye. Muna kuma roƙon Gwamnatin Jiha da Hukumar Jiragen Ƙasa su keɓe tsohuwar tashar Funtuwa, da tarago ko da guda ɗaya ne, a adana wa 'yan baya. Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya sa masu iko su ji.