Zuwa ga masu ɗaukar hoton ciki a Konni, Malbaza da Illela



Idan uwa ta ce ta ji tauri a kwiɓin ɗanta wajen wanka, hankalinmu saifa yake fara zuwa, saboda zazzaɓin cizon sauro da sikila. In kuwa akwai jini a fitsari, sai mu ce tsargiya ce, balle yaron gefen madatsar Galmi. Don Allah ku duba ƙodojin biyu tukuna.

Kusan tara cikin goma na ƙarin ƙoda a yara Wilms ne, wato daji, galibi tsakanin shekara 2 da 5. Waɗanda ba daji ba kaɗan ne, kuma shekarun yaro ne kan fara tona su.

Jaririn da bai wuce wata 3 ba, ƙarin ya fito dunƙulalle babu ruwa, wani lokaci da zobe zagaye da shi, ku kawo mesobilastik nefiroma a rai, wanda wani likita mai suna Bolande ya bayyana a 1967. Ku tambayi uwar ko ruwan ciki ya yi mata yawa lokacin da take ɗauke da shi, ku auna hawan jinin jaririn. A madubin likita siraran ƙwayoyi ne masu kutsawa cikin naman ƙoda ba tare da kube ba, shi ya sa ake cire ƙodar ɗungurungum. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: ɗan ƙasa da wata 6 tiyata ake fara yi masa, ba allurar daji ba.

Sistik nefiroma kuwa ɗakunan ruwa ne jere kamar saƙar zuma, da siraran bango. A nan ake zamewa. Akwai nau'in Wilms mai wannan kama sak, ko sikana ba ta raba su, sai an yanka bangon an duba ko da ɗanyun ƙwayoyi a ciki. Ƙari mai haske fat saboda kitse, a ƙoda biyu, ga farfaɗiya da fararen tabo a fata, wannan anjiyomiyolifoma ne.

Roƙona, kada ku rubuta "ba daji ba ne" daga hoto. Da iyaye sun ji haka sun koma gida, musamman da damina, sai ciki ya yi tulu su dawo. Kada a soka wa ƙarin allura. Ku rubuta girmansa, ruwa ne ko nama, halin ɗaya ƙodar, jijiyar jini da hanta, sannan ku tura yaron Tawa ko Yamai a makon, da lambar wayar uban a takardarku.

Wassalam.