Yaya Waya Take Sanin Memori Ya Cika?

Kana cikin karɓar bidiyon darasi ta Xender, sai waya ta ce maka babu sauran wuri. Wa ya gaya mata? Ai ba zama ta yi ta ƙirga hotunanka ɗaya bayan ɗaya ba.

Tambaya take yi. Kowane memori, na cikin waya ne, ko kati, ko filashi, yana da tsarin ajiyar fayil. Akwai FAT32 da exFAT da ake samu a katuna, akwai NTFS na Windows, akwai ext4 na Linux. Ka ɗauka memori ɗakin loka ne a makarantar kwana. An yanka shi gida-gida daidai wa daida, a ext4 yawanci kowane gida yana cin bayit 4,096. Ko fayil ɗinka kalma biyar ce kacal, gida guda zai kama. Shi kuwa tsarin ajiya, shi ne rajistar da ke nuna loka nawa ne gaba ɗaya, nawa aka kama, nawa suka rage.

Ƙananan manhajoji ba sa buɗe rajistar nan da kansu. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar suke tambaya, ita ta duba ta ba su amsa. A Linux da Android sunan wannan tambaya statvfs, a Windows kuma GetDiskFreeSpaceEx. Wanda ke koyon Python, ko a kwamfutar makaranta ko a waya da Pydroid 3, ya gwada layi biyun nan:

import shutil
print(shutil.disk_usage("."))

Ɗigon da ke tsakiya yana nufin “inda nake yanzu”. Lambobi uku za su fito, duk a bayit: jimillar wuri, abin da aka cinye, da abin da ya rage.

To, ga abin lura. A Linux, idan ka haɗa na biyu da na uku, sau da yawa ba za su kai na farko ba. Ba kuskuren lissafi ba ne. Ka kira os.statvfs za ka ga dalili. A cikin amsar akwai f_frsize, girman gida ɗaya, da f_blocks, yawan gidaje. Ka ninka su, ka sami girman memorin. Amma gidajen da babu kowa an ba su lamba biyu: f_bfree da f_bavail. Ta farko duk gidajen da ke wofi ne. Ta biyu waɗanda aka yarje wa kai talaka ka shiga. A bisa al'ada ext4 yana ware kashi 5 cikin 100 ga shugaban na'ura, don ko wuri ya cika maƙil kwamfuta ta iya ci gaba da aiki. Duk mai rubuta manhajar da za ta sauko da fayil, f_bavail ya kamata ya duba kafin ya fara. Wanda ya dogara da f_bfree, a tsakiyar aiki zai ji an rufe masa ƙofa.

Da wannan lissafin za ka daina zargin mai shago a banza. Katin da aka rubuta wa 32GB, Windows ba zai nuna maka fiye da 29.8 ba. Kamfani yana ƙirga giga ɗaya a bayit 1,000,000,000, Windows kuma a 1,073,741,824. Ka raba 32,000,000,000 da lamba ta biyu ka gani. Mudu ne ya bambanta, hatsin yana nan. Haka nan FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da katin fayau yake.

Amma akwai inda zargin yake da tushe, kuma a ganina nan ne darasin ya fi amfani. Ita statvfs ba ta auna komai, abin da aka rubuta a rajista take karanto maka. Masu jabun memori sun san haka. Sai su ɗauki kati mai giga 8, su canza bayanin da ɗan ƙaramin injin cikinsa ke bayarwa, ya riƙa cewa shi mai 64 ne. Waya ta yarda, Python ma ya yarda. Ka yi ta zuba tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB lafiya lau har ka wuce giga 8 na gaskiya. Daga nan sababbin fayiloli ko dai su faɗa inda babu, ko su hau kan na da su lalata su. Sunayensu suna nan reras a jeri, amma ka taɓa, ba za su buɗe ba.

Tambaya ba ta kama irin wannan ƙarya, sai gwaji. Akwai manhajar H2testw a Windows da F3 a Linux, dukkansu kyauta. Sukan cika katin da rubutu har baki, sannan su karanto su ga ko abin da suka zuba shi ya dawo. Aikin yana ɗaukar lokaci, musamman a babban kati. A yi shi tun katin yana sabo babu komai a ciki, ranar da aka sayo shi, tun mai shago bai manta da fuskarka ba.