Kwaɗon zogale ba abin kunya ba ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Takieta, inda hanyar Damagaram zuwa Maraɗi ta haɗu da ta Matamaye, ya san yadda ake yi. Mota ba ta gama tsayawa ba ƴan mata sun kewaye ta da faranti: ga ƙosai, ga awara, ga dambu, ga kwaɗon zogale da ya sha ƙuli. Fasinja mai ƴan kuɗi sai ya kau da kai ya nufi wajen mai nama, wanda ya sayi kwaɗo kuwa sai ya sunkuyar da kai yana ci, kamar wanda ya yi laifi. A kan wannan kunyar za mu yi magana yau.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ba sa cin nama, ba sa cin kifi, ko ƙwai, ko nono, ko man shanu. Wani Bature mai suna Donald Watson ne ya raɗa musu suna “vegan” a Ingila a 1944. Da ana yi musu dariya. Yanzu har gidajen abinci na masu hannu da shuni suna yi musu girki. A 2021 wani babban gidan abinci na birnin Niyok, Eleven Madison Park, ya daina dafa nama gaba ɗaya, ya yanka kuɗin cin mutum guda dala 335 ta Amurka. A kuɗinmu ya haura jika 180, wato fiye da albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci a Nijar, wanda aka mayar jika 42 a 2024. Me ake zuba musu? Ganye, wake, saiwa da ƴaƴan itace, irin abin da ke kan farantin ƴan matan Takieta.

Ba muna cewa kowa ya bar nama ba. Allah ya halatta mana shi, muna layya, muna suna, kuma Nijar ƙasar kiwo ce, mahauta da masu kilishi ƴan uwanmu ne a kasuwa. Likitoci ma suna gargaɗi cewa ƙaramin yaro da mai ciki da mai shayarwa suna bukatar nono da ƙwai da nama, domin akwai sinadarin B12 da ba a samu a ganye. A jihar da tamowa ke addabar yara, hana su waɗannan ganganci ne. Su kansu masu gidan abincin na Niyok sun maido da nama a 2025. Abin yayi ne, yana zuwa yana wucewa.

Namu kuwa gado ne. Ɗanwake, alala, tuwon hatsi da miyar kuka, kwaɗon rama, tafasa da yaɗiya, da su iyayenmu suka yi noma suka yi fatauci. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake, Nijeriya kaɗai ke gabanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2016 domin wake da danginsa, ta keɓe 2023 domin hatsi. Da tsohuwar zuma ake magani.

To daga ina kunyar ta fito? Daga yunwa. Wanda ya ga 2005 bai manta matan da suka shiga daji neman anza da ganye ba, shi ya sa a zukatan mutane da yawa cin ganye alamar babu ce. Amma ga abin lura. A cikin garin Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayen anzar nan a hannun matan karkara, yana jiƙa ta har ɗacin ya fita, yana sayar da ita a ƙunshe cikin tsafta, tare da man aduwa. Abin da aka ci da hawaye ya zama haja.

Saboda haka, iyayenmu mata na kasuwa, gyara yana hannunku. Abin da masu kuɗi ke biya a waɗancan wurare rabinsa tsafta ce da kyan gani. Faranti a buɗe bakin kwalta, ƙura da hayaƙin mota na sauka, shi ke karya darajar kaya. A rufe abinci, a wanke ganye da ruwa mai kyau, a sa cokali maimakon hannu, a daina soya awara da man da ya yi baƙi. Kada kuma a bar yarinya da talla har dare alhali ƙawayenta suna makaranta.

Ku kuma ƴan kasuwar hatsi, ku ji tsoron Allah game da maganin ƙwari da ake zuba wa wake a ajiya. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu bincike na INRAN a Maraɗi suka gwada shi: yana toshe iska, ƙwarin su mutu ba tare da guba ba. Waken da ya sa iyali guda ciwo yana ɓata sunan kasuwa gaba ɗaya.

Muna kira ga hukumar magajin garin Takieta da ta dubi masu abincin tasha da idon rahama. Ana karɓar kuɗin tikiti a hannunsu, to su ga amfaninsa: rumfa, famfo da wurin zuba shara. Manyanmu kuma, idan an yi taro ko an yi baƙi daga waje, a sa dambu da kwaɗo a kan tebur kusa da kaji, a saye su a hannun matan garin, a biya su da daraja.

Kai kuma fasinja, in ka sayi kwaɗonka a Takieta, ɗaga kanka ka ci, kuma kada ka tsaya ciniki da yarinya a kan dala biyar. Allah ya sa albarka a kasuwa.